Ruwan Wankan Jego

Wata bakwai ke nan da aka kwaso su Tasalla daga rumfunan bakin kasuwa, aka ba su ɗaki a sababbin gidajen marasa galihu, masu sanyi kamar randa ba tare da fanka ba. Sharaɗin ɗaya ne: kada a ɗumama ɗakin. Akwai 'yar fitila a goshin ƙofa daga waje. Da ɗakin ya yi zafi sai ta yi ja. In ta yi ja sau uku, ƙofar, wadda da tafin hannu ake buɗe ta, sai ta daina gane naka. Tasu ta riga ta yi sau biyu.

Kwananta huɗu da haihuwa, ta dawo daga awon jaririya da hantsi, ta tarar Gwaggo Lantana, ƙanwar babanta da ta zo daga ƙauye, ta hura gawayi a banɗaki, ganyen darbejiya na tafasa a tukunya.

"Gwaggo, kashe! Don Allah kashe!"

"In kashe me? Mai jego ba ruwan zafi? So kike ki kumbura ki mutu a hannuna?"

"Abin da ya fitar da su Asabe maƙwabtanmu ke nan. Suna ƙarƙashin gada yanzu."

"Ƙofa ce za ta kore ki? Ni ban taɓa jin wannan lalacewa ba!"

Tasalla ta sheƙa wa garwashin ruwa, tururi ya turnuƙe har rufi. Ta fita da jaririyar a kafaɗa don ta duba fitilar, ƙofar ta rufe a bayanta a hankali.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta goge tafin hannunta a zani, ta sake gogewa. Daga ciki Gwaggo na ta faɗa, ita kuwa ta kasa ɗora hannun a jikin ƙofar.