Zanzaron Dutse da na Bakin Teku

"Haɗa min zanzaron dutse da na bakin teku," in ji Farfesa, yana ajiye rahoton da ya goge sunan mataimakiyarsa a ciki. "Aikin nan ba ya buƙatar mace, in ba wanke kwalabe ba."

Shekara shida mataimakiyar tasa ta yi tana kiwon waɗannan ƙananan zanzaro, masu saka ƙwai a jikin tsutsar da ke cinye gonaki. Ta san abin da bai tsaya ya karanta ba: in aka haɗa biyun, maza zalla suke haifa.

"An gama, ranka ya daɗe." Ta haɗa su kaf, ko iri ba ta rage ba.

Bayan wata guda manyan baƙi suka cika ɗakin gwaji. Farfesa ya buɗe akwatin da kansa, yana hura hanci. Dubban zanzaro suka tashi, tsutsotsi kuwa ko gezau, suna ta cin ganyensu.

Wata baƙuwa ta duba da kyau. "Farfesa, ina matan? Su ne fa masu kashe tsutsar."

Ya waiwayo, gumi na keto masa. Mataimakiyar tasa tana ɗauraye kwalba, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ai ka ce ba a buƙatarsu, ranka ya daɗe."