Fitilar Bakin Zaure

Tun da ciwon hanta ya cika asibitoci har ana kwantar da mutane a baranda, hukuma ta kafa fitila a ƙofar kowane gida. In mai lafiya ya wuce ta kawo kore, in mai ɗauke da cutar ne ta kawo rawaya.

Ranar da Ladidi ta dawo daga wankan jego, goye da jaririnta, tana sa ƙafa a zaure fitilar ta yi rawaya.

Mijinta Tanimu, da ke bayanta, ya saki jakar hannunsa. "Fito ki ba ni shi. Ki shiga ke kaɗai."

Ta kwance goyon, ta miƙa masa, ta sake shiga. Kore.

Tanimu ya zare hular yaron. An aske kan tas, ga tabon yanka a bayan kunne.

"Ladidi, ba an hana wanzamai ba?"

"Wallahi na roƙi Baffa wanzami kar ya yi masa, Malam. Ya ce askar gado ce, duk jariran unguwarmu da ita ake musu."

Tanimu ya dubi fitilar, ya dubi ɗansa da ke barci a ƙirjinsa. Ga zauren nan a gabansa, amma ƙafa ta ƙi ɗaguwa.