Takalmin Neman Aiki

Da harbin ya iso harabar makaranta, malamar ta kwantar da ɗalibanta a ƙarƙashin tebura, ita ma ta kife a tsakaninsu.

"Ko tari kada wanda ya yi," ta raɗa musu.

Aka banko ƙofa. Daga ƙasa ƙafafu kawai take gani: silifas, silifas, sai wani baƙin takalmi sau-ciki da ya tako ya tsaya daidai fuskarta. Ta san shi. Tun da ƙaninta ya gama digiri yake zagayen ofisoshi da shi, har dunduniyar ta cinye. Yau da safe ita ta goge shi da bakin zaninta, da ya ce, "Yaya, na samu aiki."

Ba ta tambayi wane iri ba. Cewa kawai ta yi, "Allah ya sa albarka. Ka riƙe shi hannu biyu."