Ƙwayar da Ba a Ɗanɗana Ba

Ka ce kunyar amininka ce ta hana ka bincika mutumin da ya kawo maka, har kana shirin damƙa masa makullin rumbu. Zauna, Alhaji, in ba ka wani misali.

A cikin birni an yi wata dattijuwa da ta yi suna wajen gireba. Ba irin ta fulawa da mai zalla take yi ba. Da ƙullin lauz take haɗawa, wato ƙwayar nan mai jar fata da fatake ke kawowa daga ƙasashen Larabawa. A hannun uwar mijinta ta koya, wadda kakanninta mutanen Turabulus ne. Aikin ba shi da wuya, gaggawa ce kawai ba ya so. A zuba lauz a ruwan zafi har fatar ta saki, a murje ta da yatsa, a shanya a inuwa, sannan a daka a turmi da sukari da ɗigon ruwan wardi har ya kama jikinsa ya yi danƙo. Amma kafin a kai ga turmi akwai ƙa'ida guda: kowace ƙwaya sai an kankari bakinta da wuƙa an ɗora a harshe. Cikin lauz akwai mai ɗaci, kuma girmansa da launinsa ɗaya da mai daɗi. Ido ba ya raba su. Dattijuwar nan ta tsufa a kan wannan ƙa'ida, ba ta taɓa tsallake ta ba.

Matar ɗanta ta tafi gidan iyayenta wankan jego da ɗan fari. Kafin tafiyar an yi sa-in-sa tsakaninta da dattijuwar, magana ta kai kunnen iyaye, aka gama wanka ba a dawo da ita ba. Tun ranar suna dattijuwar ba ta sake ɗaukar jikanta ba. Da ƙyar dattawa suka shiga tsakani, iyayen yarinya suka sassauto, aka sa ranar biko. Dattijuwar kuwa irin mutanen nan ce da hannunsu ya fi bakinsu iya ba da haƙuri. Sai ta yanke shawarar yin faranti guda na gireba, a tafi da shi ya faɗi abin da ta kasa faɗa.

Ta jiƙa, ta murje, ta shanya, ta ɗanɗana kowace ƙwaya. Ta zuba a turmi ke nan, sai ga maƙwabciyarta ta yi sallama, wata baiwar Allah da ba ta daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba. Ta kwance bakin gyalenta, ga 'yan ƙwayoyin lauz ɓararru da ba su cika tafin hannu ba. Ta ce, "Ungo, Yaya, tsarabata ce. Jefa a ciki don albarka, Allah ya daidaita ku." Wuƙar tana nan a kan tabarma kusa da gwiwar dattijuwar, ta kuwa dube ta. To amma wa zai kankari tsarabar Hajji a gaban mai ita, kamar yana zarginta? Ta amsa da amin, ta jefa su a turmi, ta ɗaga taɓarya.

Da ƙullin ya haɗu ta lasa. Bayan zaƙin ya wuce, wani ɗan ɗaci ya biyo baya. Ta gaya wa kanta harshenta ne ya gaji da ɗanɗane tun safe. Ta ƙara ruwan wardi, ta murza da fulawa, ta gasa. Gireba ta fito fara tas, ba ta taɓa yin mai kyanta ba.

A can gidan, uwar yarinya ce ta fara gutsira. Ta tauna, ta tsaya, ta tofar a hannunta, ta ce, "Me aka sa a cikin nan?" Da gidan da ake zaman lafiya ne, da an yi dariya an ce tsohuwa ta fara mantuwa. Amma inda zargi ya riga ya kwana, ɗaci a cikin abincin uwar miji suna ɗaya gare shi: sammu. Aka haƙa rami a bayan gida aka binne girebar, aka mayar da farantin a kife, masu biko suka fito ba rakiya.

Dattijuwar tana iya faɗin inda ɗacin ya fito. Karar da ta hana ta ɗaukar wuƙa ita ta kama mata baki, kuma ta san ko ta faɗa, cewa za a yi ta ƙara da yi wa tsarabar Hajji ƙazafi. Auren ya mutu. Yaron ya girma ana nuna masa ƙofar gidanta ana cewa ko ruwa kada ya sha a can. Ta kife turmin a gindin bango, gara ta ci rabinsa. Maƙwabciyar kuwa har ta bar duniya ba ta san komai ba. Duk sallah sai ta leƙo ta tambaya, cikin fara'a, me ya sa aka daina gireba.

Ba mugunta a hannun da ya bayar, Alhaji, ba mugunta a hannun da ya karɓa. Ƙwaya ce kawai aka ji kunyar ɗanɗanawa, sauran da aka tantance duk ba su cece ta ba. Ka je ka bincika mutuminka tun makulli yana aljihunka. Hausawa sun ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.