Shuɗiyar Riga a Ƙofar Luba

Sabi'u, ajiye wayar nan. Fauziya, bar wanke-wanken ki zo. Ku zauna ku saurara, kada wanda ya katse ni. Magana ce a kan Luba, matar da kawunku Halliru ya bari.

Kun san shekara tara ke nan da masu tare hanya suka sace Halliru a dajin Touboro, yana dawowa daga sayen shanu. Hularsa kawai aka kawo Garwa, jina-jina. Aka yi makoki, Luba ta yi takaba, daga baya ta auri Umar Faruƙ mahauci, auren ɗauki-sandarka: tana gidanta na unguwar Yelwa, shi ke zuwa. Abin da ba ku sani ba, ranar addu'ar arba'in, da aka ce ta fito da tufafin mamaci a yi masa sadaka, ɓoye shuɗiyar babbar rigarsa ta yi a ƙasan adaka, ta rantse ta ba da komai.

Shekara tara rigar tana cin ranta. Ta hana mamaci ladansa, ta kuma kwana da rigar wani namiji a ɗakin da mijinta ke shiga. Umar Faruƙ kuwa kun san kishinsa, kuma abokin Halliru ne tun a kasuwar shanu, ko daga nesa ya hango aikin wuyan rigar nan zai gane ta.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi Ranar Taimakon Juna. Rediyo ta yi ta kira, ƙasa duka kowa ya fita: masu yashe kwata, masu share asibiti, masu rabon abinci. Matan unguwa suka haɗa tufafi don gidan marasa galihu da wata Madam Mireille ke riƙe da shi a hayin gada. Umar Faruƙ yana Ngawundere. Luba ta ce ga ranar rabuwa da ƙaya. Ta cusa rigar a tsakiyar ƙunshi, ta kai da hannunta, ta ajiye a kan tebur, ko rabon ba ta tsaya gani ba ta hau babur ta dawo.

Lahadi da hantsi ta fito zubar da shara, sai ga rigar tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Akwai mutum a ciki, amma ita rigar ta gani. Tsawonta ya zauna masa daidai, bai ja ƙasa ba, bai ɗage ba. Ya naɗe kai da fuska da tsohon rawani. Luba ta koma ciki da gudu. Ta jefar da kwandon ta sa sakata, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Mamaci ya zo tambayar sadakarsa da aka jinkirta.

Litinin yana nan. Talata ya matso bakin zaure, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin azarar nan da ke buge goshin baƙi, ya zauna a dakali. Ba sallama, ba bara. Luba ta daina cin abinci. Ta gaya wa wa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Laraba ta bi ta ƙofar baya ta je wurin Madam Mireille, ta gaya mata abin da ta gani. Matar ta yi dariya har da tafa cinya.

"Haba Hajiya, fatalwa da rana tsaka? Ai Bebe ne! Jandarmomi suka tsinto shi wajen iyakar Cadi da daminar bara. Ba ya magana, ba suna, ba takarda. Shi ya zaro rigar daga cikin kaya, ya ƙi saki. In ka ba shi abu, binka yake yi kamar ɗan akuya. Ba ya cizo."

Luba ta yi ajiyar zuciya. Ashe mutum ne. Sai kuma wani tsoron ya taso, wanda ya fi na farko: Juma'a Umar Faruƙ zai dawo, ya tarar da rigar Halliru zaune a dakalinsa.

Alhamis, yau ke nan, ta sayo sabuwar riga a babbar kasuwa, fara, mai tsada. Bayan la'asar ta fito zaure da ita, kanta a ƙasa, don har yau ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba.

"Malam, karɓi wannan, ta fi kyau. Ba ni tsohuwar, don Allah don Annabi."

Bai dubi farar ba. Hannunta ya cafke, ya ja shi cikin hannun rigarsa, ya rufe, ya shiga matsa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, yadda dillalan shanu ke ciniki a ɓoye don kada na gefe ya ji farashi. Ya matsa huɗu, ya tsaya, ya sake. Luba ta ƙwalla ƙara, ta fizge, ta taho gidan nan a guje ba takalmi, ba mayafi, ta faɗi a gabana tana cewa, "Yaya, zai kashe ni!"

Ni ba na tsoron mahaukaci, ba na tsoron fatalwa. Na ɗauki taɓarya na tafi in kore shi. Na same shi a dakali, na fizge rawanin nan. Ba haƙori, rabin fuska ƙuna ce ta cinye. Na juya ƙeyarsa, na ga tabon da ni na yi wa ƙanena da bakin tukunya ina shekara goma. Taɓaryar tana can inda ta faɗi.

Gobe da safe Umar Faruƙ zai sauka a tasha. Ku ne kuka karɓi gaisuwar mutuwa, ku ne kuka tsaya aka ɗaura wancan auren, don haka ku nemo malamai ku raba mana wannan magana kafin ya iso: Luba matar Umar Faruƙ ce, ko matar kawunku Halliru, wanda ke cikin ɗakina yanzu yana shan kunu?