Jakar Takarda a Kan Wendell

Wasa goma sha ɗaya ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin ta buga bana, duka aka lallasa ta. Don kunya, magoya baya suka koma rufe kai da jakar takarda mai hudar ido biyu. Wendell ma ya sa tasa, ya lafe a kujerun sama.

Ran Lahadi sai ga nasara. Kowa ya yage jakarsa, ana ta ihu.

"Baba, cire mana!" in ji na kusa da shi. "Kwana shida da korar sakaran kocin nan, ka ga aiki! Kai, har jakarka ta jiƙe da hawaye!"

"Murna ce," in ji Wendell, ya riƙe ta gam.

Shekara tara Wendell ya yi yana horar da yaran ƙungiyar nan, ba su taɓa buga masa wasa haka ba.