Sarewar Hamma a Bakin Kanal

Hananiya ya ɗage yatsunsa daga kan piyano, ya bar wa Hamma fili. Duk cikin kiɗansu, nan ne wurin da ya fi jira.

Su uku ne, kuma kaf Bunkure ba wanda ya san sunan da zai ba abin da suke yi. Hananiya mutumin Pankshin ne, gyaran injin ban-ruwa ya kawo shi, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa piyano a coci. A kaset-kaset ɗin da yake sayowa a Sabon Gari ya kamu da son kiɗan jaz. Datti makaɗin kalangu ne da ya gaji da gidajen biki. Hamma kuwa Bafulatani ne mai gonar albasa da 'yan shanunsa, ba ya rabuwa da sarewar kara.

Da rani, in an yi la'asar, sukan haɗu a rumfar da ake tara kwandunan tumatir a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki. Dokar Hananiya ɗaya ce: shi ke tsara farkon kiɗa da ƙarshensa, kowa ya haddace, ba ragi ba ƙari. Tsakiya kuwa ta kowa ce, mutum ya faɗi abin da ya zo masa a lokacin.

A tsakiyar nan Hamma ke ɗaure masa kai. Yakan zauna a bakin rumfa ya ba su baya, idonsa can ƙetaren ruwa. Ya fara a sanyaye kamar mai lallashi, can ya tsinke da wata ƙara mai kaifi, ya yi tsit inda ba wanda ya zata, ya dawo da busa gajeru-gajeru kamar mai faɗa. Bai taɓa maimaita ta jiya ba. Datti na binsa da kalangu yana dariya, Hananiya na lalubo masa amon da zai taka. Shi da ba ya iya taɓa piyano sai ya auna, har kishin wannan sakin jiki yake yi.

A ranin 2005 wata ma'aikaciyar rediyo mai suna Anita ta zo daga Kano haɗa shiri kan noman rani. Ta ji su, ta tsaya har suka gama. Ta ce su kawo mata kaset za ta sa a shirinta, kuma akwai masu shirya wani taron makaɗa da ke neman sabon abu.

Hananiya ya kama musu situdiyo, ɗakin ɗaukar sauti, a birni. Hamma ya yi ta nuƙu-nuƙu, sai da ƙaninsa ya yarda ya tsaya masa a gida sannan ya shiga mota.

Ɗakin a toshe yake, an manne bangon da soso, ko taga babu. Farkon kiɗa ya tafi sumul. Da aka zo tsakiya, Hamma ya ja wata busa mai daɗi, miƙaƙƙiya, marar gargada, wadda kowane mabushi zai iya. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa.

"Hamma, ka saki jiki mana," in ji Hananiya. "Irin ta bakin kanal muke so."

"To ai nan babu wanda zan yi wa magana, Malam Hananiya."

A motar komawa Bunkure Hananiya ya yi ta juya maganar, har ya ji girman Hamma ya ƙaru a idonsa. Ashe mutumin da ruwa yake zance, da iska, da faɗin fili. Irin wannan ba a kulle shi a ɗaki. Washegari ya koma Kano ya roƙi Anita ta zo da rikodarta rumfar. Ta ce zuwa ɗaya za ta iya, don masu taron sun kusa rufe zaɓe.

Ta zo ranar da tumatir ya nuna, gonakin ƙetare sun yi jawur. Ta rataye makirfo a jikin azarar rumfa. Hananiya ya sa wa ƙaramin piyanonsa na hannu sababbin batura.

Suka ɗauko farko yadda ya tsara. Ya ɗage yatsunsa.

Hamma ya fara da lallashi. Can kafaɗunsa suka miƙe, busar ta ɗau zafi, tana tsalle tana katsewa. Datti ya matse kalangu a hammata ya bi ta da gudu. Hananiya ya manta da awo, hannuwansa suka shiga inda bai taɓa kai su ba. Sai Hamma ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya saki wata doguwar ƙara da ta kai har ƙetaren ruwa. Ya riƙe ta, ya riƙe ta, sannan ya sauke numfashi ya zauna, busar ta koma kamar godiya. Su ukun suka sauka kan ƙarshen da aka tsara a tare, kamar mutum ɗaya.

Anita ta cire abin sauraron da ke kunnenta tana murmushi, ta ce ba ta shakka za a ɗauke su. Datti ya rungume Hananiya, masu ɗaure kwanduna suka yi ta tafi. Ta miƙa wa Hamma makirfo.

"Malam Hamma, lokacin da ka tashi tsaye, me ya zo maka a rai?"

Hananiya ya gyara murya, ya shirya taya shi bayanin ruwa da iska. Hamma ya dube ta da mamakin tambayar, ya nuna ƙetaren kanal da bakin sarewa.

"Jar saniyar can ce, Malama, saura ƙiris ta faɗa tumatirin mutane. Ni ai duk zaman nan da muke yi, shanuna nake kiwo."